Ko Ya Halatta a Gwada Sabon Magani a Jikin Yaro?

A ɗauki misali da wani manomi a Kambaza ta ƙasar Gwandu, wanda Allah ya ba shi ɗa namiji. Tun kafin ranar suna ungozoma ta lura da wani baƙin zane mai kaushi a jikin jaririn, ya taso daga wuya, ya bi kafaɗa, ya sauka har ƙugu, a gefe guda kaɗai. Mata suka ce tawadar Allah ce, ba kome. Yaro ya yi rarrafe, ya miƙe, amma da ya shekara uku sai ƙafafunsa suka soma tanƙwarewa kamar baka, ga kuka in an ɗauke shi, ga rashin girma. Ran nan ya yi 'yar faɗuwa a tsakar gida, sai cinya ta karye. Aka kai shi Aliero wurin maɗora, suka yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ƙashin ya ƙi kamawa sosai. Aka kai shi Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, daga can aka tura su asibitin koyarwa na Sakkwato.

Bayan an ɗauki hoton ƙashi, an auna jini da fitsari, sai likita ya zaunar da uban ya ce, "Malam, ciwon ɗanka ba irin wanda aka saba gani ba ne. Akwai wata allura da a ke zaton za ta taimake shi, amma masu irin ciwonsa da aka taɓa yi wa ita 'yan kaɗan ne ƙwarai. In ka yarda, a gwada. In ba ka yarda ba, a ci gaba da maganin da aka saba."

Wannan manomi da ɗansa misali ne kurum, amma ciwon na gaske ne, allurar ma ta gaske ce, tambayar kuma ta kan sami iyaye a ƙasashe da yawa. Shin ya halatta uba ya miƙa ɗansa a gwada magani a jikinsa? Shin ya halatta likita ya roƙi haka? Kafin a yanke hukunci sai a san ciwon tukuna, domin alƙali ba ya hukunci kan abin da bai ji bayaninsa ba.

Ƙashin ɗan Adam gini ne, abin da ke ba shi ƙarfi kuwa gishiri iri biyu ne, ɗaya a na ce masa kalsiyam, ɗaya fosfet. Duka biyu daga abinci a ke samunsu. Wajen kashi 85 cikin 100 na fosfet ɗin jiki yana cikin ƙasusuwa da haƙora, watau ƙashi shi ne baitulmalinsa. Ƙoda kuwa ita ce mai tsaron ƙofa. Sa'ad da ta ke tace jini ta kan mai da yawancin fosfet cikin jiki, ta saki ragowar ya fita cikin fitsari. Wanda ke kai mata umurnin yawan abin da za ta saki wani ɗan aike ne da ƙashi ke turowa ta cikin jini. Masana sun gano shi a 2000, suka sa masa suna FGF23. In ɗan aiken nan ya yi yawa, sai ƙoda ta saki ƙofa a buɗe, fosfet ya yi ta zuba cikin fitsari, ƙashi ya yi laushi kamar tubalin da bai bushe ba. Yaro ya yi gwame ko ƙafar baka, ya riƙa karaya, ya kasa tsawo.

Cututtuka da dama ne ke sa ɗan aiken nan ya yi yawa. Wadda aka fi sani ta gado ce, tana kama kamar mutum 1 cikin 20,000. Amma wadda ke zuwa da zane a fata ba gadonta a ke yi ba. A 2014 masana a Jami'ar Yale ta Amurka tare da abokan aikinsu suka nuna cewa wani kuskure ne ke aukuwa a cikin ƙwayoyin halitta bayan an riga an ɗauki ciki, ya shafi wani sashe na fata da wani sashe na ƙashi, ya bar sauran jiki lafiya. Sabo da haka ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba ne, ba kuma sammu ba ne. Ƙarancinta ya kai har a 2016, da likitocin Amurka suka tattara labarin duk masu ita da aka taɓa rubutawa a duniya, ba su sami mutum 100 ba. Maganin da aka saba ba su shi ne a shayar da su fosfet sau da yawa kowace rana tare da wani irin bitamin D mai ƙarfi. Ya kan taimaka, amma kamar zuba ruwa ne a tulu mai yoyo, ga shi ya kan kawo zawo da ciwon ciki, da daɗewa kuma ya kan bar daskararren gishiri a ƙoda.

Sabuwar allurar dabararta dabam ce. Mai karatu ya san maganin dafin maciji na asibiti. Yadda a ke yinsa shi ne a riƙa sa wa doki ko tunkiya dafi kaɗan kaɗan, har jinin dabbar ya ƙera wasu 'yan mitsi-mitsin dogarai waɗanda suka san dafin nan, su kama shi su ɗaure. Likitoci na ce musu antibodi. Su a ke tacewa daga jinin dabbar a yi wa mutum allura. A asibitin Kaltungo ta Jihar Gombe an gwada irin wannan magani guda biyu a jikin mutum 400 da kububuwa ta sara, ɗaya na tumaki daga Birtaniya, ɗaya na dawaki daga Kosta Rika, aka buga sakamakon a 2010, aka ga duka biyu suna aiki. To, tun 1975 wasu masana biyu a Kambirij ta Ingila suka gano hanyar samun irin dogaran nan masu aiki guda tak, kowane ya san fuskar ɓarawo ɗaya. Allurar da a ke magana a kanta, mai suna burosumab, irinsu ce. Aikinta ta tare ɗan aiken nan a hanya ta riƙe shi, don kada umurni ya isa wurin ƙoda. Yara a kan yi musu ita a ƙarƙashin fata sau ɗaya a mako biyu.

An gwada ta a kan masu ciwon gado. A wani gwaji da aka buga a 2019 an raba yara 61 kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, 29 aka yi musu allura, 32 suka ci gaba da tsohon magani. Bayan mako 40, yara 21 cikin 29 ƙashinsu ya yi kyakkyawar warkewa, a ɗaya ɓangaren kuwa 2 ne kaɗai cikin 32. Hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izinin amfani da ita ga masu ciwon gado a Afrilu 2018, sa'an nan a Yuni 2020 ga waɗanda wani ƙari ke jawo musu ciwon. Izinin nan biyu ba su ambaci masu zane a fata ba, gama ba su da yawan da za a raba su kashi biyu. Sai dai likitoci suka riƙa gwada ta a kansu ɗai-ɗai, yaro guda a wannan ƙasa, biyu a waccan, suka rubuta cewa fosfet ya hau, ciwo ya ragu, ƙashi ya soma ƙarfi. Wannan shi ne iyakar abin da likitan cikin misali zai iya shimfiɗa wa manomin Kambaza.

Wani zai ce haram ne, ɗan mutum ba ɓera ba ne da za a koyi magani a jikinsa. Mai wannan magana yana da hujja, hujjarsa kuwa ba daga nesa ta zo ba. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa, ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya ɗauki yara 200, ya ba rabinsu wani sabon magani mai suna Trovan, rabi kuma wani sanannen magani. Yara 11 suka mutu, 5 cikin masu sabon magani, 6 cikin ɗaya rabin, wasu kuma suka nakasa. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji a ke yi, ba kuma wanda ya gaya musu cewa a cikin asibitin nan akwai wasu likitocin agaji masu ba da maganin da aka sani kyauta. Kamfanin ya ce ma'aikatan jiyya sun yi wa iyaye bayani da baki sun yarda, ya ce kuma sanƙarau ne ya kashe yaran. Babu takardar yarda da iyaye suka sa wa hannu wadda za ta raba gardama. Aka yi shekaru ana shari'a, har a 2009 kamfanin ya sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba.

Ɓarnar ba ta tsaya a kan yara 200 ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sa'ad da jita-jita ta tashi a 2003 game da maganin rigakafin shan inna, abin da ya faru a 1996 yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa tunawa. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa Yuli 2004, cutar ta sake bazuwa, ta ƙetare iyaka ta shiga ƙasashe masu yawa, yaran da ba su ji ba su gani ba suka shanye. Watau yarda da aka ɓata a asibiti guda ta jawo asara ga yaran da ba su taɓa taka asibitin ba.

Duk da haka, wanda ya ce a hana gwaji sam bai duba abin da zai biyo baya ba. Ba wani magani a duniya, na asibiti ko na gida, wanda ba wani ne ya fara sha ba. Saiwar da a ke jiƙa wa yaro a ƙauye ita ma gwaji ce, sai dai ba a auna ta, ba a ƙirga waɗanda ta warkar da waɗanda ta cuta, wanda ya mutu a ce kwanansa ne ya ƙare. Likitoci ma in ba su gwada ba su kan daɗe a kan kuskure. An daɗe a na koyar da cewa laushin ƙashin yara daga rashin bitamin D ya ke, wanda jiki ke samu daga hasken rana. Amma ga Nijeriya da rana kamar ta dafa mutum, ga kuma yara masu gwame. Sai likitoci a asibitin koyarwa na Jos suka raba yara 123 kashi uku, wasu aka ba su bitamin D, wasu kalsiyam, wasu duka biyu, har mako 24. Sakamakon da aka buga a 1999 ya nuna waɗanda suka sami kalsiyam sun fi warkewa nesa ba kusa ba. Ashe abincin ne ba shi da isasshen kalsiyam, tuwon masara ba nono. Daga baya aka gwada garin busasshen kifi a can Jos, shi ma ya warkar. Mai karatu ya riƙe wannan: galibin yara masu laushin ƙashi a ƙasar nan ba cutar zane ke damunsu ba, maganinsu kuwa mai araha ne. An ƙara tabbatar da haka ne domin iyayen yara 123 sun yarda aka gwada.

Ga gwaji a Kano, ga gwaji a Jos, ƙasa ɗaya, zamani ɗaya, duka a jikin yara. Ɗaya ya bar baƙin ciki da ƙara a kotu, ɗaya ya bar ilmi mai amfani. Ashe ba gwajin kansa ne abin tuhuma ba, yadda aka riƙe shi ne. Addini bai hana neman magani ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke Gwandu, ya yi rubutu a kan lafiyar jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya wallafa a kan maganin ido da na basir. Abin da ya rage shi ne a san matsayin uba a kan ɗansa. Malaman fiƙihu sun ce waliyyin yaro ba ya taɓa dukiyar yaron sai ta hanyar da za ta amfani yaron, ko da kuwa wani aikin alheri ne ya ke so ya yi da ita. In haka ne hukuncin dukiya, to, ina ga jiki? Uba ba mai yaro ba ne kamar yadda ya ke mai akuya, amana aka ba shi. Sabo da haka yana da iko ya yarda da gwajin da a ke tsammanin zai amfani yaron kansa, amma ba shi da iko ya ba da jikin ɗansa sadaka don ilmin duniya ya ƙaru, balle don a ba shi kuɗi. Likita kuma in ya karɓi yaron, amanar ta hau kansa shi ma. Amanar nan tana da sharuɗɗa huɗu.

Na farko gaskiya, da harshen da uban ke ji. A gaya masa gwaji ne, a gaya masa mutum nawa aka taɓa yi wa, a gaya masa allurar ba ta share zanen fata ba, a gaya masa in fosfet ya wuce kima shi ma yana iya cutar ƙoda, shi ya sa dole a dakatar da tsohon magani a riƙa auna jini a kai a kai. A tabbatar masa kuma in ya ƙi ba za a juya wa ɗansa baya ba. Wannan na ƙarshe shi ne mafi nauyi, domin wanda ya faɗa ruwa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Talaka a gaban likita ya kan ce "to" don kunya, ko don tsoron kada a kore shi. Irin wannan "to" ba yarda ba ce. A ba shi kwanaki ya koma gida ya yi shawara da uwar yaron, gama ita ce za ta kwana da shi. Yaron ma in ya yi wayo a tambaye shi.

Na biyu, a sami wani na uku mai duba aikin. Likita mutum ne, yana son maganinsa ya yi nasara, yana son sunansa ya fito. Uba kuwa ya ƙagu ya ga sauƙi. Mutum biyu masu fata ɗaya ba su isa shaida a kan abin da su ke fata ba. Don haka ne likitocin duniya suka yi ƙa'ida a Helsinki a 1964, aka yi ta gyara ta bayan nan, Nijeriya kuma ta fitar da nata kundin ƙa'idodin binciken lafiya a 2007. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce ba a bincike a jikin mutum sai da yardarsa a rubuce, in yaro ne da ta iyayensa. Kowane gwaji sai wani kwamiti da ba ruwansa da ribar aikin ya duba ya amince tun kafin a fara, gwajin magani kuma sai da izinin hukumar NAFDAC. Uba yana da iko ya ce a nuna masa takardar amincewar.

Na uku, a rubuta abin da ya faru, mai daɗi da marar daɗi. A cutar da masu ita ke da yawa, yawansu ya kan rufe kuskuren mutum ɗaya. A cutar da masu ita ba su kai 100 ba, kowane yaro shaida ne mai nauyi. Tun da ba wanda za a gwada shi da shi sai kansa, dole a auna shi sosai kafin allura, a faɗi tun da fari abin da za a kira nasara da abin da zai sa a tsaya. In likitoci suka riƙa buga labarin waɗanda suka warke, suka yi shiru a kan waɗanda ba su amfana ba, sun yi awo da mudu biyu, sun ruɗi uban yaro na gaba wanda zai dogara da rubutunsu. Magatakardan da ya rubuta kuɗin shiga ya ƙi rubuta na fita kowa ya san sunansa.

Na huɗu, a san abin da za a yi bayan gwaji ya ƙare. Allurar nan ba ta tumɓuke ciwon, riƙe ɗan aike kurum ta ke yi. In an daina ta sai ƙoda ta koma zubar da fosfet. Ga ta da tsada, domin sa'ad da ta fito a Amurka a 2018 kuɗinta na shekara ga yaro guda ya wuce dala 100,000, kuma sai an ajiye ta cikin sanyi. Manomin Kambaza ko ya sayar da gona da shanu da amfanin shekara goma ba zai biya ba. In aka tsai da yaro a kan ƙafafunsa shekara ɗaya, aka sami ilmin da a ke nema, sa'an nan aka bar shi ya koma rarrafe, an ci da guminsa an hana shi lada. Ƙa'idar Helsinki ta ce a shirya wannan tun kafin a fara. Sabo da haka tambayar da ta fi kowace ita ce, "Likita, in gwaji ya ƙare, wa zai ci gaba da ba shi?" In ba amsa a rubuce, uban da ya ƙi bai yi laifi ba.

In sharuɗɗan nan huɗu sun cika, ya halatta uba ya yarda, likita kuma bai yi zalunci ba, ko da daga baya abin bai zo da nasara ba, domin amana ba alkawarin warkewa ba ce, warkewa ta Allah ce. In ɗaya ya rasa, to, bai halatta ba, ko da yaron ya warke, gama wanda ya ɗauki kuɗin ajiya ya yi caca ya ci riba bai fita daga cin amana ba.

Saura nauyin da ke kan mai karatu. Yawancin iyayen da a ke miƙa wa takardar yarda ba su iya karanta ta ba, sai a kama yatsansu a dangwala. Wanda ya sha wahalar ajin yaƙi da jahilci har ya iya haɗa baƙaƙe, wannan wurin aikinsa ne. In maƙwabcinsa ya zo da irin takardar nan, ya zauna ya karanta masa ita daga farko har ƙarshe. In da Turanci ta ke, su koma tare su nemi ta Hausa, ko a fassara musu a gaban shaida. Kada ya tsorata shi da jita-jita, kada kuma ya zuga shi. Ya dai tabbata an amsa masa tambayoyin nan: gwaji ne ko magani sananne, wa ya duba ya amince, me zai faru in an ƙi, me zai faru in an gama. Sa'an nan ya bar uba da uwa su yanke shawararsu, su riƙe kwafin takardar a gida.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu magani ikon riƙon amana. Amin.